Ka tambaye ni wa ya fara bikin kiɗa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce in faɗa maka wace gwamnati ce ta ƙirƙiro bukukuwan kiɗan gargajiya. Na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ashe har mun kai zamanin da ɗan ƙanwata zai zaci daga ofis ganga ta fito?

Hukuma ta sa hannu, ban musa ba. A 1970, bayan yaƙin basasa, aka fara bikin al'adu na ƙasa don a ɗinke ɓaraka. A 1977 aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Legas, aka yi hawan daba a Kaduna. Naku bikin kanibal na Abuja kuwa sai 2005. Amma duk cikinsu babu wanda bai tarar da ganga tana kuka ba.

Iyayenmu haƙar kuza ce ta kawo su Bukuru, kuma da kalankuwarsu suka zo. In amfanin gona ya shigo gida, sai sarkin samari ya raba goron gayyata. Akwai wata shekara da ba na mantawa. Hunturu ya kankama, sanyin nan na Jos mai tsaga leɓe. An hura wuta a bakin fili, makaɗa suna kara gangunansu jikin wutar don fata ta ɗaure, 'yan dambe na gefe ana naɗa musu hannu. Can dare ya raba sai wani siririn saurayi ya shigo da kuntigi, irin na marigayi Ɗan Maraya Jos: gwangwani ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ya dubi wani leburan kuza, ya kama wasa shi, ya kira sunan ubansa, ya kira na ƙauyensu can ƙasar Katsina. Wallahi ƙaton mutumin nan durƙusawa ya yi yana hawaye. Ba shi da ko sisi a aljihu, sai ya cire hularsa ya ɗora wa yaron a ka. Mata suka ɗau guɗa.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa ba a kiran makaɗa sai rumbu ya cika. Kakarka kuma cewa take makaɗin da bai san gidanku ba, surutu kawai yake maka.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Yau kuna sayen tikiti, makaɗi na can saman dandamali, ku kuna ƙasa kun ɗaga waya. Ta yaya zai wasa wanda bai sani ba?

Ban hana ka zuwa ba, je ka kalla. Amma in ka zo hutun Sallah, zan kai ka wurin wani tsohon makaɗi a unguwarmu. Ka taho masa da goro, kuma kada ka yi jinkiri, ƙafarsa ta yi nauyi. Ka gaishe da mahaifiyarka.