Amsa kan rarrabe ire-iren ganga a jimlar Turanci

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce a jarrabawar WAEC, idan aka ciro wani yanki daga labari aka ce ki faɗi sunansa da aikinsa, kanki ɗaurewa yake, alhali kin haddace kalmomin da kowane ganga (wato clause, yankin jimla mai ɗauke da aikau da aikatau) ke farawa da su. To, haddar nan ce take ɓatar da ke. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma nan ne yara masu ƙoƙari suke zubar da maki.

Dubi yanki ɗaya, "when he came", a wuri uku. A "I know when he came", me na sani? Cire yankin ki sa "it", sai ki ga jimlar ta zauna daram. Ya tsaya a gurbin suna ke nan, wato noun clause, karɓau (object) na aikatau (verb) "know". A "I was sleeping when he came" kuwa lokacin barcin yake faɗa, don haka adverbial clause ne na lokaci. Sai "I remember the day when he came", inda ya manne a bayan "day" yana fayyace wace rana ce: adjectival clause. Kalmomin ba su canza ba ko kaɗan, aikin ne ya canza.

Kafin duk wannan, duba ko yankin yana da aikau (subject) da aikatau mai nuna lokaci. "After the meeting" ba ganga ba ne, phrase ne. "After the meeting ended" shi ne ganga. Wanda ya kuskure wannan ya rasa makin sunan gaba ɗaya.

Wajen rubuta aikinsa, don Allah kada ki tsaya a "it modifies the verb". Ambaci aikatau ɗin: "it modifies the verb was sleeping". Abin yana min ciwo in ga yarinya ta gane amsa sarai amma ta bar ta rabi.

Akwai kuma kuskuren da Hausa ke jawo mana a insha'i. Mukan ce "ko da yake ya gaji, amma ya zo", sai yaro ya kwashe shi haka ya rubuta "although" da "but" tare. Turanci ɗaya yake ɗauka, domin "although" ta riga ta mai da gangan farko dogarau, na biyun ne tsayayye.

Ki nemi tsofaffin takardun WAEC da NECO, kullum ki warware biyar ki turo nan in duba miki. Allah ya ba da sa'a.