Kada ka bari a yi wa diskin nan fomat, ƙanena

Salamu alaikum ƙanena. Ya Garwa, ya zafi, ya su Inna? Na ga saƙonka. Ka ce ka gama da Campus France, hukumar da ke kula da masu zuwa karatu Faransa, biza kawai kake jira, kuma kana so ka kulle diskin da ka tara takardunka da hotunan gida kafin ka taso Liyon, amma mai gyaran kwamfuta ya ce sai an goge komai an sake masa tsari. Barka da arziki tukuna. Maganar mai gyara kuwa, ka bar shi da ita.

Abin da nake amfani da shi VeraCrypt ne, wata manhajar kulle bayanai. Kyauta ne, a nan Faransa aka soma shi a 2013, daga tsohon TrueCrypt da aka daina kula da shi a 2014. Ba ya bukatar taɓa tsarin diskinka. Fayil guda yake ƙirƙira a ciki, kamar akwatin ƙarfe da aka ajiye a ɗaki: ɗakin yana nan yadda yake, akwatin ne ke da kwaɗo. Ka sa kalmar sirri, ya bayyana a kwamfuta a matsayin wani diski dabam, ka zuba fasfo, takardar haihuwa, sakamakon bak (jarabawar kammala sakandare) da sauransu, ka rufe.

Amma fara duba abu ɗaya. Danna diskin da maɓallin dama na linzami, shiga Propriétés, ka ga sunan tsarin diskin da aka rubuta. In exFAT ne ko NTFS, yi fayil ɗin a girman da kake so. In FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, sai dai ka yi biyu ko uku. Takardu ba za su cika ko ɗaya ba, bidiyon biki ne ke cin wuri.

Wajen ƙirƙirawa zaɓi na farko za ka ɗauka, wato na fayil, ba na diski gaba ɗaya ba. Nan ne mutane ke yi wa kansu ɓarna. Daga baya zai ce ka yi ta juya linzami har layin da ke ƙasa ya koma kore, sannan ka ga maɓallin Format. Kada gabanka ya faɗi, sabon fayil ɗin kaɗai yake nufi. Duk da haka kwafe komai a wani wuri tukuna, ka san yadda wuta ke yi mana a gida.

Wasu za su ce maka BitLocker, makullin da ke zuwa da Windows. Yana kulle diski da kayansa a ciki ba tare da gogewa ba, gaskiya ne, sai dai Windows Home ba ya iya kullewa, buɗewa kawai yake yi, Mac kuma ba ya buɗe shi sai da wata manhaja. Ni ban so shi ga ɗalibin da bai san kwamfutar da zai samu ba.

VeraCrypt ma yana da nasa cikas: yana neman izinin mai kula da kwamfuta, kuma na ɗakin karatun jami'a da na shagon buga takardu da wuya su ba ka. Don haka takardun da za a nema a makon farko, na rajista da na haya, buga su a takarda tun daga Garwa ka sa a jakar hannu.

Kalmar sirri kuwa, in ka manta, babu ofishin da za ka je ka roƙa, ko waɗanda suka ƙera manhajar ba su iya buɗewa. Haɗa kalmomi biyar ko shida marasa alaƙa da juna, ban da sunan Inna da ranar haihuwarka. Kwafi fayil ɗin a wani diski ka bar wa Yaya Babba, kalmar kuma ka rubuta a takarda ka ajiye a wani wuri dabam. In ka duba Propriétés ka turo mini hoton abin da ka gani. A gaida mutanen gida.