Tambayoyinku kan furojet da mastas a fannin gudanar da mulki

Wani ɗalibi ɗan aji huɗu a sashen nazarin gudanar da mulki, wato Fablik Admin, ya rubuto: "Malam, na ɗan tara kuɗi, ga wani mai kafe ya ce zai ba ni furojet gamamme daga babi na ɗaya har na biyar, ga kuma ba ni da laftof. Wanne zan saya? Kuma sufabaiza ya ƙi taken da na kai masa, Matsalolin Shugabanci a Najeriya."

Ƙanena, don Allah kar ka sayi furojet ɗin nan. Irinsa ana sayar wa mutum da yawa, sunan ƙaramar hukuma kawai ake canjawa, alƙaluman ciki kuwa babu wanda ya san inda aka samo su. Makarantu da dama yanzu suna saka aiki a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, kuma ko ka tsallake wannan, ranar difens malami ɗaya zai tambaye ka yadda ka zaɓi mutanen da suka cike maka kwashoniya, nan take za a gane ba kai ka yi ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne kai ne gobe za ka zauna a ofis kana rubuta wa gwamnati shawara, in ba ka koya yanzu ba yaushe za ka koya?

Laftof kuma ba sai sabo ba. Nemi na hannu mai RAM 8 da SSD, ka tafi da wanda ya san kan abin ya duba maka batir, don da wannan wutar tamu batir ya fi kyan jiki muhimmanci. Kar ka biya kowa kuɗin manhaja, Zotero kyauta ne wajen jera madogara, jamovi ko PSPP za su yi maka lissafin da ake nema a digirin farko, KoboToolbox kuma a waya ma za ka tara amsoshi da shi. Ragowar kuɗin ka ajiye na mota da firintin da bandin.

Maganar take, gaskiyar sufabaizanka ne. Najeriya gaba ɗaya ta fi ƙarfin wata uku da aljihun ɗalibi. Sauko ƙasa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ta kuma ce shugabannin riƙo ba su halatta ba. To kai ɗauki ƙaramar hukumarku ita kaɗai, ka duba abin da FAAC, wato kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya, ya ware mata wata-wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi a intanet, sannan ka taka da ƙafarka zuwa sakateriya da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare, ka zauna da ma'aji da kansila da mai unguwa da matan da ke zuwa awo, ka ji ko wani abu ya canja tsakanin kafin hukuncin da bayansa. Wannan aiki ne da mai kafe ba shi da shi a kwamfutarsa. In aka hana ka takardu, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa buƙatar da aka rubuta, wasu za su yi ta maka jeka-ka-dawo duk da haka, shi ya sa ka fara karɓar takardar gabatarwa daga sashenku, tana buɗe ƙofa sosai. In kuma tarihi ne ya fi jan ka, yadda aka tashi daga En'e zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, to kuɗin motarka na Kaduna ne, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna can.

Sai wata ma'aikaciyar gwamnatin jiha, ta ce tana son ƙaro karatu amma ta rasa wanne za ta cike fom, MPA (mastas na ƙwarewar aiki a gudanar da mulki) ko MSc (mastas na bincike), kuma ABU ko BUK ko jami'ar karatu daga gida, ga yara ga aiki.

Hajiya, abin da kike nema da takardar shi zai raba miki gardama. In ƙarin girma ne a ofis da gogewa kan kasafi da harkar ma'aikata, MPA ta ishe ki, don ma'aikata aka tsara ta kuma sau da yawa a ƙarshen mako ake karatun. Amma in ranki yana kan digiri na uku ko koyarwa, MSc za ki yi, ita ce mai zurfin bincike, kuma jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai MPA kai tsaye zuwa dakta, na ga masu yin mastas sau biyu saboda rashin sanin wannan, abin ba daɗi. Ki je makarantar gaba da digiri ki tambaya da bakinki kafin ki biya ko kwabo.

Wajen makaranta, Kongo, harabar ABU a Zariya, tsohuwar hannu ce, tun 1947 ake horar da ma'aikata a wurin kafin ma a kafa ABU a 1962, kuma suna da sashe guda na nazarin ƙananan hukumomi. BUK na da Gidan Mambayya a Gwammaja, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, in sha'awarki ta karkata wajen siyasa da zaɓe. Ni dai ga mai yara da aiki wadda ta fi kusa da gidanki nake ba da shawara, saboda bincike yana son yawan ganin sufabaiza, kuɗin mota da masauki kuma su ne ke karya mutane a shekara ta biyu. NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, ta fi sauƙi ta wannan fuskar, sai dai ke za ki riƙa tura kanki, ba mai bin ki. Kuma duk wadda kika zaɓa, ki tabbata kin karɓi izinin karatu a rubuce daga ofishin shugaban ma'aikata kafin ki yi rajista, in ba haka ba za ki iya gamawa a ƙi saka miki takardar a fayil.