Me Ya Sa Gidajen Amurka Katako Ne?

Tambaya: Malam, yarona ya nuna min gidajen Amurka a waya, wai yawancinsu katako ne. Duk kuɗinsu, me ya hana su bulo?
Manomi daga Ringim, Jigawa

Amsa: Baba, ba rowa ba ce. Dazuzzuka gare su, su da Kanada, don haka katako na da araha, kafintoci kuma ba sa daɗewa sun tsayar da gida. A Kalifoniya, inda ƙasa kan girgiza, katako lanƙwasawa yake yi, bulo kuwa tsagewa. Aibin katako dai gobara.

Nan kuwa ina itacen? Ga gara. Shi ya sa kakanninmu suka riƙe tubali da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Ni dai da bazara soron ƙasa nake nema.