Ayasofiya: coci ce tun asali ko masallaci?

Malam, ka tambaya ko Musulmi ne suka gina Ayasofiya ta Istanbul. A'a, coci ce tun farko. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina ta, aka kammala a shekarar 537, tun kafin haihuwar Annabi (SAW). Sai a 1453, da Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin da yaƙi, aka mayar da ita masallaci, daga baya aka kafa mata hasumiyoyi huɗu. A 1934 gwamnatin Ataturk, shugaban Turkiyya na lokacin, ta mai da ita gidan tarihi, a 2020 kuma aka dawo da sallah a cikinta.

Ni dai cikinta ne ya fi taɓa zuciyata. Ka ɗaga kai, ga ƙubba can sama, tsayinta ya haura mita 55. Ga manyan alluna masu zagaye da rubutun ruwan zinare: sunan Allah, na Annabi, halifofi huɗu, Hasan da Husaini. Saman mihrabi kuwa, hoton Nana Maryamu da ɗanta yana nan daram, ana ja masa labule. Kuma in ka lura da kyau, mihrabin ya ɗan karkata daga tsakiya, domin waɗanda suka gina wurin ba alƙibla suka nufa ba.