Tambayoyinku: "Sun ce Safa da Marwa ne suka zubar min da ciki"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aure a Jidda, unguwar Karantina. Ina da cikin wata biyu da rabi muka je umara, bayan mun dawo jini ya ɓalle, a asibiti suka ce na yi ɓari. Uwar mijina ta bugo daga Kano wai ganganci na yi, sa'ayi ne ya jawo. Barci ya gagare ni. Jinin ma bai tsaya ba, ban san ko in yi salla ba. Daga 'yarki a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya mayar miki da alheri.

Sa'ayi bai zubar miki da ciki ba. Zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa tafiyar wajen kilomita 3 ce, a kan daɓe mai sanyi, mata kuma ba a ce su yi sassarfa ba. Tafiya irin wannan ba ta kayar da cikin da ya zauna. A masu cikin da aka tabbatar, 10 zuwa 20 cikin 100 kan yi ɓari, galibi kafin sati 12, kuma kusan rabin irin wannan daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, tun ranar da cikin ya shiga. Sau da yawa ma ya daina girma kwanaki kafin jinin ya fito, mai yiwuwa tun kafin ki ɗaura niyya. Hajiya jika take so, zafin rashi ne ya sa ta magana. Kada ki yi musu da ita, wannan aikin ɗanta ne. Ki karanta wa maigidan wannan shafi.

Jini yakan kai sati 1 zuwa 2 yana raguwa. Amma in kina jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko wari, ko jiri, ko mara ta murɗa sosai, to sai asibiti nan take, wataƙila akwai saura a yi wankin ciki. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita, 997 kuma motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar. Ki duba rukunin jininki: in mai alamar ragi ne, ki tambayi likita batun allurar Anti-D, mai kare cikin gaba. Kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa, don Allah ki bar su, suna wahalar da zuciya.

Batun salla, amsa biyu za ki ji. Malaman Saudiyya kan ce ba jinin biƙi ba ne sai an ga siffar mutum, wadda ba ta bayyana kafin kwana 81, don haka ki yi alwala ki yi salla. A Malikiyyar da muka taso a kai, ko gudan jini ne ya faɗo biƙi ne. Ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki tsaya a kan tasa.

Kukan kuwa ki yi abinki, ko da an ce "ai jini ne kawai". Ki samu wata a maƙwabta da ta taɓa ɓari, za ki sha mamakin yawansu. In an yi sati biyu ba barci ba cin abinci, ki faɗa wa likita. Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6, amma ciki na iya shiga kafin nan, sai ki fara shan folik asid tun yanzu.