Injin gudu zan saya ko keke? Gwiwa ta fara ƙorafi

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan kasuwa ne a Terminus, Jos, shekarata 43, kilo 106, tsayina mita 1.70. Na ga wani bidiyo a Facebook na motsa jikin nan da ake tsalle-tsalle da ƙarfi a huta a sake, na bi su kwana uku, wallahi yanzu ko sujada da ƙyar nake yi. Na ɗan tara kuɗi, injin gudu zan saya ko keken motsa jiki na gida?

Wa alaikassalam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Keke zaka saya, amma kafin nan ka bari gwiwar ta huce, in ta kumbura ko ta wuce sati tana ciwo kaje asibiti a duba, ka haɗa da awon hawan jini da suga tunda ka je.

Shi wannan tsarin na a tsananta a huta ba ƙarya bane, yana aiki, matsalar dai waɗanda ke bidiyon ba jikinku ɗaya ba. Wanda ma ya fi shahara, na daƙiƙa 20 da ƙarfi daƙiƙa 10 hutu har sau 8, daga binciken wani ɗan Japan ne Izumi Tabata a 1996, kuma a kan keke akayi shi da samari masu ƙarfi 'yan wasanni, ba tsalle a kan siminti ba. Kai kuma da wannan kilon da tsayin lissafin BMI ɗinka (wato ma'aunin da ake kwatanta nauyin mutum da tsayinsa) ya kusa 37, alhali daga 30 ake cewa ƙiba. Zuciya da huhu cikin 'yan makonni sun saba da aiki, su kuwa jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi sai sun ɗau watanni, shi yasa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru ya ƙara wuta sai gwiwa ta tsayar da shi. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, gwiwa juyawa kawai take.

Injin gudu kuma ga rigimar wuta, in an ɗauke sai ka tada janareta, sannan ƙananan masu araha suna da iyakar nauyin da suke ɗauka, da yawa an saya sun koma wajen rataye kaya. Keken baya buƙatar NEPA. Ko na gwanjo zaka ɗauka ka hau shi a shagon ka taka, ka duba kilo nawa aka rubuta yana ɗauka, ka tabbata sirdin na ɗagawa yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarka zata ɗan lanƙwasa kaɗan.

Ka fara da ɗumama jiki minti 5, lokacin hunturun Jos ma ka kai 10. Sai daƙiƙa 30 da ƙarfi, minti ɗaya da rabi a hankali, sau 6, kwana biyu ko uku a sati ba a jere ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, toh sauran ka cike da tafiya, ga tuddai Allah ya bamu kyauta, ka hau da sauri ka sauko a hankali don gangara tafi cin gwiwa. Na tsoka kuwa ba sai ka sayi ƙarfe ba, zauna-tashi a kujera sau 10, da jarkar ruwa mai lita 5 a kowane hannu, kilo 5 kenan. Ciwon ƙirji ko jiri in yazo, ka tsaya nan take.

Tambaya: Anti ce daga Bukuru, bel ɗin rage tumbi da shayin rage ƙiba wanne yafi?

Hajiya ko ɗaya. Gumin da bel ke fitarwa ruwa ne, kina shan kofi biyu ya dawo, shayin kuma da yawansu gudawa suke sawa sai ki zata kin rame. Kuɗin ki sayi kambas mai laushin ƙasa, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da zaki riƙa sawa.